Kayan Ɗakina Na Wuyan Baba Dogara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Sunana Haulat, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta abu don idon mutane. Na saba kwanciya ina karanta na wasu ina gyara musu kuskure a zuciyata, yau ga shi Allah ya kama ni. In kun ga ina zagaye-zagaye ku yi haƙuri. Anti Aminat cewa take in zan ba da labarin zuwa kanti, sai na faro daga ranar da aka haife ni.

To yau kam dole daga can ɗin zan faro.

A Funtua aka haife ni. Ina 'yar ƙarama, ko yaye ban daɗe da yi ba, babana ya ce zai je Umara ya dawo. Umma ta yi masa dambun nama, ta ƙulla masa yaji da kuka. Shiru. Ba rasuwa ya yi ba, don lokaci-lokaci wani alhaji zai dawo ya ce ya gan shi a Jidda, wani ya ce a Dubai, wani ya ce ai har ya yi ƙiba. Ƙibar nan ita ta fi ƙona wa Umma rai. Ko sisi bai taɓa aikowa ba. Da keken ɗinki ta raine ni: kuɗin makaranta, maganin zazzaɓi, da gilashin idon da nake zama a kai ya karye duk zango.

Karatu ya kawo ni Doha. Ina zaune wurin Anti Aminat, ƙanwar Umma, wadda take aikin nas. Gidanmu a Al Muntazah yake, saman wani shagon wanki da guga, shi ya sa ko tuwo muka yi ƙamshin sitati yake. A nan na haɗu da Mansur, injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Lusail. Dogo, mai sanyin magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki kamar amarya. Magana ta yi nisa, manyansa sun je Funtua, an sa rana.

Kun san al'adarmu: miji ya kama gida, uban amarya ya cika shi. Gado, katifa, kujeru, labule, kayan kicin. Mansur ya kama gida, na je na gani tare da Anti, na yi sallama gidan ya amsa min da kansa don tsabar babu komai a ciki. Ita kuma Umma abu ɗaya ta mallaka a duniya, wani ɗan fili a bayan tasha da ta saya da kuɗin adashi, wanda take burin ta gina ɗaki a kai ta huta da haya. Sai ga saƙon muryarta:

"Haulat, na yi magana da dillali. Filin nan zan sayar. Ba za a kai ki gidan miji da tabarma a ce 'yar Atine ce ba."

Na yi kuka har gilashina ya yi hazo. Na roƙe ta, ta ce ita ba da ni take shawara ba.

Ana haka, wata Laraba ina ɗakin karatu, sai saƙonnin Mansur suka fara shigowa kamar ruwan ƙanƙara.

"Haulat."
"Kina nan?"
"Na shiga uku."
"Mene ne cikakken sunan babanki?"

Na rubuta, "Ɗanbaba Dogara. Lafiya?"

Ya turo hoton fuskar nan mai kuka har sahu biyu.

Ashe direban motar kamfaninsu, wanda yake kai su wurin aiki kullum, wanda suke kira Baba Dogara, suna musun ƙwallo, suna shan karak tare (shayin madara ne na nan, mai kauri), shi ne babana. Ba wannan ne abin kukan ba. Abin kukan shi ne tun da muka fara soyayya Mansur yake zama a gaban mota yana ba shi labarina. Har da cewa, "Baba Dogara, ka ji wani mara tsoron Allah, ya gudu ya bar mace da jaririya." Shi kuma Baba Dogara yana tuƙi yana girgiza kai yana cewa, "Allah wadaran irin waɗannan iyaye." Sai ranar nan Mansur ya ambaci Funtua da Atine mai ɗinki. Bawan Allah ya taka birki a tsakiyar shataletale har hular kwanon wani ɗan Indiya ta tashi daga kujerar baya ta dawo gaba.

Da na faɗa wa Umma, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ya yi ƙibar?"

Na ce ban gan shi ba tukuna.

"To ki je ki gan shi. Cinki, shanki, suturarki, makarantarki tun kina goye, duk a wuyansa suke. Ban ce ya biya ni ba. Ya yi miki kayan ɗaki kawai, mun yafe sauran. In ya ƙi, dillali na jira."

Ni? Ni da ko kuɗin canjina aka riƙe a kanti sai in ce na gode in fita?

Ranar Juma'a ce hutunsa. Tun safe nake gaban madubi ina haddace jawabi. Na tsara shi da gabatarwa, da hujjoji, da kammalawa. Na saka baƙar abayata mai duwatsu a hannu, Anti Aminat ta leƙo ta ce, "Cire. Kina so ya ce ke ce za ki ba shi?" Na saka tsohuwar atamfata mai zanen agogo wadda ta koɗe, ta ce, "Wannan kuma sai ya ce uwarki ta kasa." Muka tsaya a kan doguwar riga ruwan toka da mayafi ruwan ƙasa, wai shigar 'yar mutunci mai buƙata. Ta fesa min turare kaɗan, ta ce na masu bin bashi ne, ba ya tashi da yawa. Ita tana da aikin rana, don haka Mansur ne ya kai ni bayan an sauko daga masallaci. Ya sha farar shadda da hula zanna, yana tuƙi yana gumi duk da sanyin mota.

Gidan da babana ke zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz yake, bayan wani shagon gyaran waya. Muka hau bene, muka tsallake takalma kamar na ƙofar masallaci. Ɗaki ne guda, gadaje masu hawa biyu a jikin kowane bango, kowa ya zagaye nasa da zanin gado ya yi labule. Na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a cikin bokitin fenti. Tukunyar shinkafa ta lantarki a kan firij, firij ɗin kuma an ɗaure shi da kwaɗo. Sauran 'yan ɗakin duk sun fice, sai wani mutum ɗaya da ke minshari a gadon sama.

A gadon ƙasa kuwa ga wani dattijo zaune cikin jallabiya ruwan madara.

Masu karatu, ya yi ƙibar.

Na durƙusa na ce, "Ina wuni." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako.

Maimakon ya amsa, sai ya juya gaba ɗaya ya fuskanci bango. Ya miƙa hannu ya bubbuga katakon gadon sama.

"Fatawu. Fatawu! Tashi ka ce wa yarinyar nan lafiya lau."

Sai a lokacin na tuna: ni 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kallon ɗan fari ido da ido, ba ya kiran sunansa, ba ya hira da shi. Umma ta daɗe da yar da wannan kunyar, ta ce wadda take wanki da ɗinki da raino ita kaɗai ba ta da lokacin kunya. Shi kuwa babana, da bai ɗauki komai na uba ba, kunyar kaɗai ya ɗauko ya taho da ita har Doha, sabuwa fil kamar ba a taɓa amfani da ita ba.

Labulen sama ya buɗe. Wani kai ya leƙo, ido jajir. Fatawu mutumin Kumasi ne, mai gadi a wani otal, kwana ya yi a tsaye.

"Ya ce lafiya lau," ya faɗa min. Ya dubi babana. "Dogara, ba ga ta nan ba? Kurma ce?"

"'Yar fari ce."

"To sai me? Ni ɗan farina har kokawa muke."

"Ku a Zango ba ku san kunya ba. Ce mata ta zauna."

Na zauna a kan wata jarkar ruwa. Na waiga neman Mansur, sai na hango shi tsugune a bakin ƙofa a tsakiyar takalma, ya cire hula, kansa a ƙasa kamar an kama shi da akuyar sata. Shi ma ga surukinsa, ba dama ya ɗaga ido. Babana kuma ba zai yi wa suruki magana ba. Ni ma ba zan yi wa saurayi magana a gaban ubana ba. Mu uku a ɗaki, duk Hausa muke ji, babu mai iya cewa wani uffan.

"Malam Fatawu," in ji Mansur daga cikin takalma, "don Allah a ce wa Baba ina gaisuwa. Kuma maganganun da na yi a mota, sharrin shaiɗan ne."

"Ce masa mun ji," in ji babana. "Ce masa kuma ƙungiyarsa ce dai ta sha kashi jiya."

Fatawu ya sauko da ƙafafunsa, ya zauna a bakin gado yana lilo da su a saman kan babana. "Yalla, ku yi sauri, barci nake ji. 'Yan mata, me ya kawo ki?"

Na buɗe baki in fara jawabi. Gabatarwa ta gudu. Hujjoji suka bi ta. Abin da ya fito shi ne, "Gado."

"Ta ce gado."

"Da... da kujeru. Da labule. Aure zan yi. Umma za ta sayar da filinta. Shi kuma bai taɓa... tun ina..." Sai hawaye. Na cire gilashi ina gogewa da mayafi.

Da na mayar, idona ya sauka kan wani ɗan madubin aski da ke rataye a bangon da babana yake fuskanta. Ashe ta ciki yake kallona tun ɗazu. Muna haɗa ido ya yi sauri ya tura gilashinsa sama da ɗan yatsansa na tsakiya, daidai yadda nake yi.  Ban shirya wa wannan ba, babu shi a jawabin.

Ya yi gyaran murya. "Fatawu, ce mata zaman waje ba sauƙi. Kafil ɗina na farko, wato ubangidan da ya tsaya min a biza, ya riƙe min fasfo. Na biyu ya mutu. Na uku ya tsiyace. Kullum ina cewa bari in tara abin kirki in koma da mutuncina, shekara na bin shekara, har kunyar komawar ta fi ƙarfina."

"Ya ce ba shi da hujja," in ji Fatawu.

"Ba haka na ce ba!"

"Na taƙaita ne."

Babana ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, har yanzu bayansa nake gani. Ya turo shi baya da ƙafa. "Ce mata ga wannan, a fara da shi."

Na leƙa. Fanka ƙarama, bargo mai hoton damisa, da butar shayi marar murfi.

Fatawu ya leƙo daga sama. "Dogara, fankar nan tawa ce."

Sai ga muryar Mansur, a sanyaye: "Malam Fatawu, a ce wa Baba kar ya damu kansa. Ni ban damu da kayan ɗaki ba. Ko tabarma ce ta ishe mu, soyayya ce gaba."

Jama'a, kun taɓa jin kuna son mutum kuma kuna son ku jefe shi da takalmi a lokaci guda? Ga takalman ma a kusa da shi.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," in ji babana da sauri. "Fatawu, ce masa tun a mota na san ɗan halak ne."

Ban san sanda na ce, "Malam Fatawu, ka ce wa wancan na bakin ƙofa, Umma ba za ta yarda da tabarma ba, filin za ta sayar. In ya ƙara magana shi zai kwana a tabarmar shi kaɗai."

"Injiniya, ta ce ka rufe baki."

Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara. Umma, kiran bidiyo. Na ɗauka. Ta sha ɗaurin ɗankwalinta na zuwa biki, har da jan baki, ita da ko Sallah sai na roƙe ta take shafa hoda.

"Kin same shi? Juya min wayar in ga ƙibar." Na juya. Ta ƙare wa bayansa kallo. "Hmm. Mayar da ni. Ba na magana da shi. Waye wancan mai ƙafafu a sama?"

"Fatawu ne, Hajiya, barka da rana."

"Yawwa Fatawu. Ka faɗa wa tsohon mijina..."

"Ni fa mai gadi ne, ba kamfanin waya ba!"

Amma babana ya riga ya zabura, har kansa ya bugi katakon gado. "Tsohon wa? Fatawu, tambaye ta wa ya sake ta! Ni Ɗanbaba ban taɓa sakin mace ba a rayuwata. Tafiya ce ta kama ni. Aurena na nan daram!" Ya bugi ƙirji yana kallon bango, shi ala dole mai mutunci.

 Na dubi Umma a waya. Ta ɗan kawar da kai.

"Umma, ba ki je wurin alƙali ya raba auren ba?"

"Da wane lokacin? Ga ɗinkin Sallah, ga ke da zazzaɓi."

To ni dai ba ni da baki, ba ni da ƙarfin hali, amma Allah ya sani na yi karatu. Tun ina Islamiyya babin aure da ciyarwa nake haddacewa, don in gano ko laifin waye. Na ji wani sanyi ya sauko min, na gyara zama a kan jarka.

"Malam Fatawu," na ce, kuma wallahi muryata ba ta yi rawa ba, "ka tambayi Baba, ya tabbata da auren?"

"Daram!" in ji babana, bai ma jira an isar ba.

"To ka faɗa masa, yadda aka koya mana, matuƙar da igiyar aure, abincin mace da suturarta da wurin kwananta suna kan mijinta, kuma daɗewa ba ta goge su. Da mun zo a kan nawa ne kawai. Tunda ya ce da aure, akwai na Umma ma. Tun daga ranar dambun nama. Har da kuɗin haya."

Fatawu ya fashe da dariya har gadon na girgiza. "Dogara, khalas, magana ta ƙare! Da bakinka ka kama kanka! Ni shaida ne, injiniya ma shaida ne!"

"Ni ban ji komai ba," in ji Mansur.

"Ka ji!" muka haɗa baki ni da Umma.

Na ga ƙeyar babana ta jiƙe. Ya cire gilashi, ya mayar, ya sake cirewa. Ya daɗe yana kallon bango kamar an rubuta amsa a jiki. Can ya ce, a hankali, "Fatawu, akwai kuɗin sallamata na kamfani da nake tarawa, da na ce in sayi motar haya in na koma. Tambayi yarinyar nan, gadon wane iri take so."

"Da kujeru," in ji Umma.

"Da kujeru," in ji babana.

"Da labule mai ninki biyu. Da tukwane, ba irin waccan butar da na hango ba."

"Na ɗauka. Duka. Allah shaida, Fatawu shaida. Ce mata ta sallami dillali, kar ta taɓa filin nan." Sannan ya ƙara, murya can ƙasa, "Ce wa yarinyar kuma... ta yi kama da innata."

Fatawu bai isar da wannan ba. Ya san na ji.

Ni na ɗauka an gama. Har na fara neman takalmina da ido. Sai Umma ta gyara ɗaurin ɗankwali ta matso kusa da wayar har hancinta ya cika fuskar.

"Fatawu, saura ɗaya. Ban yarda da idonsa ba, mutumin da ya ga bargon damisa ya ce kayan amarya ne. Tunda ya ce ni matarsa ce daram, ya nemo min bizar ziyara da kuɗin jirgi. Ni zan zo in zaɓi kayan 'yata da kaina. Sauran lissafina kuma ba ta waya za mu yi shi ba, kuma ba ta bakinka ba."

Ta kashe.

Babana ya sulale ya kwanta a gadonsa ya ja labule.

Muka shiga mota har muka kusa gida. Mansur ya ce, "Haulat, ashe haka kike?" Na ce ni ma yau na sani. Na hau sama, Anti Aminat ta dawo, ina ba ta labari tana dariya har ta zauna a ƙasan kicin da kayan aikinta. Sai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Salam, Fatawu ne. Babanki ya hana ni barci. Ya ce in tambaye ki, wai har yanzu in uwarki ta yi fushi tana jifa da duk abin da ke hannunta?"

Na nuna wa Anti. Ta share hawayen dariya, ta karɓi wayar ta rubuta da kanta:

"Ka ce masa yanzu ta ƙware. Ba ta kuskure."